Farar Tsutsa a Filin Baffa

Zuwa ga 'yata, Malamar Ƙwari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Innarki da ta ƙi ba ta sarari. Ta ce in gaishe ki. Ni kuma kunnena na hagu ya gama mutuwa, injin yankan ciyawa ya cinye shi, shi ya sa ban kira ki a waya ba. Takarda ta fi mini, in karanta in sake karantawa. Adireshinki a wurin mahaifiyarki na karɓa.

Na san za ki yi mamaki. Shekara huɗu ke nan ba mu yi magana ba, kuma ni da mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, kakanni kawai muka haɗa, don haka ba dole a kanki. To amma abu ya ci tura.

Shekara ashirin da shida nake kula da ciyawar filin ƙwallon nan. Ba wanda ya taɓa zamewa a kanta ya ce laifina ne. Wata biyu ke nan ta soma ƙonewa wuri-wuri, daga gaban ragar gabas har ta doshi tsakiya. Na ƙara ruwa, a banza. Shekaranjiya na ga hankaki sun taru suna tono, na je na kama ciyawar na ja, sai ta taso mini gaba ɗaya kamar ana naɗe tabarma, babu saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi kuwa farar tsutsa ce birjik, irin gwazarma, mai jan kai, a lanƙwashe, kowace ta kusa kaurin ƙaramin yatsana.

Muna da sabon Manaja, takalmin aikina ya girme shi a filin nan. A gaban 'yan wasa ya ce wai tsufa ne ya sa nake manta ban ruwa. Na cika gwangwani da tsutsa na kai masa ofis na ajiye a kan teburinsa, kusa da kofin shayinsa. Washegari sai ga wani mai sayar da magani da farin galan guda, wai na gwaji ne, sauran suna hanya. Manaja ya ce idan sun iso ni zan sa hannu a takarda cewa na duba na amince, sai a feshe filin duka. A sito kuma ina da wasu biyu tun bara: na ruwa mai jan murfi, da na buhu mai ƙwaya-ƙwaya kamar taki.

Ban san wanne ke kashe ta ba, kuma ba zan zuba wa filina abin da ban sani ba don wani ya ɗaga murya. An ce aikinki ke nan. Ki faɗa mini yadda ake ganewa.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, ina lafiya, karatu alhamdu lillahi. A gaida Inna, ta daina hawa matakalar nan da bokiti a hannu. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga sunan da ka rubuta a bayan ambulan. Ranar da ka raɗa mini shi a tsakar gidanmu, cewa ka yi yarinyar da aka so ta zama likita ta ɓuge da kamun fara. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ban kawo maganar don ka ba ni haƙuri ba. Na kawo ta ne don ka san ban manta ba, kuma sunan na riƙe abina, ban ga abin kunya a cikinsa ba.

Yanzu aiki. Ruwanka ba shi da laifi. Tsutsar nan 'ya'yan wani ƙwaro ne dangin buzuzu. Uwar tana zuba ƙwai a ƙasa, su kuma su cinye saiwa. Ciyawar da ba ta da saiwa ko kogi ka juye mata ba za ta sha ba.

Kada ka yarda da bakin mai sayarwa, kada ka yarda da nawa ma. Ka gwada. Ka sami wurin da ba a wasa a kai amma tsutsa ta kama shi, kamar bayan raga. Ka kafa turaku ka ja igiya, ka fitar da fegi goma sha biyu, kowane taku biyu ta kowane gefe, da tazarar taku ɗaya tsakaninsu. Uku na farin galan, uku na jan murfi, uku na buhu. Uku kuma kada ka zuba musu komai sai ruwa. Na san za ka ce ɓarna ce a bar tsutsa tana ci ana kallo, amma in babu su ba za ka san ko magani ne ya kashe ko ajali ba. Ka cakuɗa su, kada ka jera iri ɗaya wuri guda. Ka auna kowane magani yadda aka rubuta a jikinsa, ban da "ɗan ƙari don ya fi aiki". Kana gamawa ka ba su ruwa sosai, don maganin ya sauka inda tsutsar take. Bayan kwana goma sha huɗu ka yanka faɗin bakin shebur a tsakiyar kowane fegi, ka ɗaga, ka ƙirga masu rai, ka rubuta.

Ka kwafo mini duk abin da ke jikin farin galan ɗin, har ƙananan rubutun.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi komai. Maganin nan na Manaja ban san shi ba. Kada ka kuskura ka sa hannu. Na san halinka, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashi.

Jibi za mu tafi aikin gona da malamina, wuri ne mai nisa. Idan ka ji shiru, shi ne.

'Yarka, Malamar Ƙwari.

*

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Innarki ta ji saƙonki, ta ce bokitin ba zai hau da kansa ba.

Maganar tsakar gida na karanta. Na faɗa, ba zan ce ban faɗa ba. Mu bar ta nan tukuna.

Na yi duk yadda kika ce. Bayan ragar gabas na kafa turaku, na rubuta lamba a jikin kowane da fenti. Koci ya zo wucewa ya tambaye ni ko albasa zan shuka. Na ce masa ya je ya koya wa yaransa bugun kusurwa. Fegi ukun da kika ce a bari, na bar su, amma duk safiya idan na wuce sai na ji kamar in roƙe su gafara.

Ranar Laraba galan-galan suka iso, mota guda. Manaja ya aiko aka kira ni ofis. Takarda tana kan tebur, biro a kanta.

Ya ce, "Baba, sa hannu nan, gobe a fara feshi."

Na ce, "Ba zan sa ba."

Ya ce, "Ban ji ba."

Na ce, "Ni ne mai mataccen kunne, Manaja, ba kai ba. Na ce ba zan sa ba. Ina gwaji a bayan raga, saura kwana tara."

Ya yi dariya ya ce wa ya ba ni izinin gwaji. Na ce wanda ya ba tsutsa izinin shiga. Ya ce wasan buɗe kaka saura mako biyar, ba shi da lokacin wasan yara. Na ce ina da masaniya a jami'a, ta rubuto mini baƙi a kan fari, har da jan layi, cewa kada in sa hannu. Na ciro wasiƙarki na nuna masa layin daga nesa, ban ba shi ya riƙe ba.

Kafin azahar aka kawo mini takardar dakatarwa. Wai ƙin bin umarni. Aka karɓe makullin sito da na famfo. Makullin nan igiyarsa ma ni na kitsa. Feshin kuma ya tsaya, don dokar kulob ta ce sai mai kula da fili ya amince, kuma ba su naɗa wani ba tukuna. Kwamiti zai zauna a kaina ƙarshen wata.

Kada ki damu. Kin ce kada in sa, ban sa ba, kuma ko yau aka sake miƙo biron amsar ɗaya ce. Mai gadi abokina ne tun ana shuka ciyawar nan. Da sassafe yakan tafi duba wani abu can bayan bandaki, ni kuma in shigo da bokitina biyu in shayar da fegina in fita. Ba a dakatar da ni daga zama mutumin gari ba.

Ki rubuto ki gaya mini abin da kika sani game da maganin nan da har kika hana ni. Da shi zan tsaya a gaban kwamiti.

Baffanki.

*

'Yata,

Gaisuwa. Muna nan. Gwiwar Innarki da sauƙi, bakinta ne ba sauƙi. Kullum sai ta ce na bar aikin shekara ashirin da shida a kan layi ɗaya na yarinyar da na taɓa yi wa dariya, kuma wa ya sani ko ramuwa ce.

Kwana takwas ke nan ina zuwa gidan waya. Ma'aikacin wurin ya daina jira in tambaya, yana hango ni sai ya girgiza kai. Na san kin ce za ki yi tafiya. Amma wace gona ce ba ta da hanyar dawowa? Idan abin da Innarki ke faɗa gaskiya ne, ki fito fili ki ce, Baffa, na rama. Zan ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a tura ni gaba a koma a yi shiru.

Ko da ke ko babu ke, ba zan je in durƙusa wa yaron nan ba. Ya aiko Koci ya ce in zo in sa hannu a wuce wurin. Na ce a gaishe shi.

Jiya kwana goma sha huɗu suka cika. Na zo da sheburina na gida. Na yanka, na ɗaga, na ƙirga a cikin faranti, kowane fegi sau biyu don kada ido ya yaudare ni. Ga masu rai, na haɗa uku-uku:

Wanda ba a sa wa komai ba, arba'in da ɗaya.
Farin galan na Manaja, talatin da shida.
Na buhu, goma sha biyar.
Jan murfi, bakwai.

Talatin da shida! Tsutsar da ke fegin Manaja har ta fi sauran ƙiba, kamar kunu aka dama mata. Jabu ne aka sayar masa, ko kuma ya san jabu ne. Haka zan faɗa wa kwamiti, da bakina, a gabansa.

Ga rubutun jikin galan ɗin na kwafo miki a ɗaya takardar, da na manta wancan karon. Ƙananan sai da na ari tabarau ɗin Innarki.

Kwamiti saura kwana goma.

Baffanki.

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, a gaida Inna. Jiya da yamma muka dawo, na tarar da wasiƙunka biyu a akwati. A tsaye na karanta su, jakata ma ban sauke ba.

Baffa, hannunka nake nufi! Hannunka na jiki, mai yatsu biyar! Tun ina ƙarama nake ganinka kana dama farar ƙasar zana layin fili da hannu tsirara. Cewa na yi kada ka taɓa maganin sai da safar roba. Takardar Manaja ko tuna ta ban yi ba. Na sake duba abin da na rubuta a kwafina, na ga yadda ya karantu, na zauna a bakin gado na dafe kai. Rabin laifin nawa ne, na ɗauka. Amma ramuwa? Ka gaya wa Inna idan zan rama sai na zo har gida na yi sallama. Ba na jifa daga nesa.

Duk da haka ba na cewa ka koma ka sa hannu. Takardar cewa ta yi ka duba ka amince, alhali ba ka duba ba a lokacin. Ƙin da ka yi daidai ne, ko da ta bayan gida ka iso gare shi. Ƙirgarka kuma tsaf take. Na nuna wa malamina, ya tambaye ni a wace makaranta ka yi.

Yanzu ga wadda ba za ka so ba. Maganin Manaja ba jabu ba ne. A layi na shida na abin da ka kwafo an ce a zuba shi kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe, ko tsutsa tana ƙarama. Na riga-kafi ne. Taka ta riga ta girma, shi ya sa ta sha ta yi gyatsa. Bana jan murfi ne maganinka. Farin galan a ajiye shi a inuwa. Baɗi, idan ka ga uwar ƙwaron ta fara shawagi da yawa a fitilun fili, lokacinsa ke nan, kuma shi ma sai ka sake gwada shi a fegi kafin ka yarda.

Don haka ba za ka ce jabu ba ne a gaban kwamiti. Ba za ka ce ya ci amana ba, don ba ka gani ba. Za ka faɗi abin da ka ƙirga, ka kuma faɗi abin da ke layi na shida, ko da zai wanke shi. Idan ka ƙara ko da tsutsa ɗaya a kan gaskiya don ka kayar da shi, ka cire sunana daga maganar, kuma kada ka sake rubuto mini a kan ƙwari.

Ka nemi su tona da hannunsu. Su ma su sa safa.

'Yarka.

*

'Yata,

Sallama. Muna lafiya ƙalau. Wasiƙarki ta iso ana gobe kwamiti. Da na karanta wa Innarki maganar safar roba, dariya ta yi har sai da ta riƙe bango, gwiwar ma ta manta da ita. Ni ban yi dariya ba sai da na fita waje.

Maganar layi na shida kuwa ta tsaya mini a wuya. Yaron da ya kira ni tsoho mai mantuwa a gaban 'yan wasa, ni zan wanke? Na ninke takardar na ce ba da ni ba. Na sake buɗewa. Haka na yi ta yi har yamma.

Mutum biyar ne a kwamitin. Manaja ya fara, ya yi magana mai tsawo da takardu. Da aka zo kaina na ce ni ba ni da jawabi, maganata tana bayan ragar gabas, wanda yake son ji ya taso. Shugaban kwamiti ya kalli takalminsa mai sheƙi, ya kalle ni, ya tashi. Sauran suka biyo.

Na raba musu safa. Na ba Shugaba shebur na ce ya zaɓi inda ya ga dama. Ya yanka a fegin farin galan, ya ɗaga, ya ja da baya. Goma sha uku. Ya yanka a na jan murfi. Biyu. Ya sake wani, don kada a ce. Uku.

Ɗaya daga cikinsu ya juya wa Manaja ya ce, "Wato ruwan banza ka cika mana sito da shi?"

Na ga zufa a goshin Manaja. Da na yi shiru a nan, da yau ba shi ne a ofishin ba.

Na ce, "Ba ruwan banza ba ne. Magani ne mai kyau, lokacinsa ne bai yi ba." Na karanta musu layi na shida daga jikin galan ɗin. Na faɗa duka, yadda kika ce, ban rage ba ban ƙara ba. Amma ban kalle shi ba, wannan kam ba ki sa ni ba.

Muka koma ofis. Shugaba ya ce an janye dakatarwa, gobe a fara feshi da jan murfi. Sai ya ƙara da cewa don a gyara zama, in rubuta 'yar takardar ban haƙuri ga Manaja a kan ƙin bin umarni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da na bi umarnin, yau ciyawar me za ka taka? Idan sai da takardar za a ba ni makulli, a riƙe makullin."

Wani ya yi tari. Shugaba ya jawo aljihun tebur ya turo mini makullan, ya ce a wuce batu na gaba.

Na yi feshi ranar Talata, da safa har gwiwar hannu, mai gadi shaida ne. Na bi da ruwa. Wuraren da suka mutu na yanko sabuwar ciyawa na dasa. Gaban ragar gabas ba zai yi kyau ba ranar wasan farko, duk mai ido zai ga faci, amma ba wanda zai zame.

Yau da safe ina jan tiyo sai na ga inuwa a bayana. Manaja ne, shi kaɗai, hannu a aljihu. Ya daɗe yana kallon turakun. Ya ce ya kamata a cire su kafin baƙi su zo. Na ce suna nan har baɗi. Bai musa ba. Ya juya zai tafi, ya dawo, ya matso wajen kunnena mai ji.

Ya ce, "To, nawa maganin yaushe za a zuba?"

Na ce, "Sai uwar ƙwaron ta fara shawagi a fitilu."

Ya ce, "Yaushe ke nan?"

Na ce, "Koma ofis, Manaja. Idan ta zo zan aika a kira ka."

Ki gaida malaminki.

Baffanki.